Sheƙin Tsohuwar Mota: Daga Kwalba Yake Ko Daga Hannu?

Duk wanda ya taɓa shiga kantin sayar da kayan kwalliyar mota ya ga kwalabe jere reras, kowace da hoton mota tana walƙiya kamar an tsamo ta daga ruwa, kowace kuma da alkawarin cewa in an shafa abin da ke cikinta tsohuwar mota za ta koma amarya. A cikin waɗannan kwalabe akwai wani mai da masana'antu ke haɗawa daga sinadarai, wanda aikinsa shi ne ya kwanta bisa fenti ya rufe shi, ya tsare shi daga zafin rana da ruwan sama da kashin tsuntsaye. Bari a kira shi man tsare fenti. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman waɗanda ke kai su wurin nuni da gasa, ita ce: shin wannan mai yana ƙara wa mota sheƙi, ko kuwa tsaro kaɗai yake yi?

Mai karatu yana iya cewa wannan ai gardamar masu ƙoshi ce. To, ba a musa masa ba. Amma fa akwai hasara a cikinta, domin fentin da aka fesa wa mota shekara hamsin da suka wuce, in ya tafi ba ya dawowa, kuma galibi garin neman sheƙi ne yake tafiya.

Akwai wani magidanci a Agege, cikin Ikko, wanda ya gaji Peugeot 404 daga mahaifinsa, irin motar nan da jama'a ke kira Fijo, wadda har kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa harhaɗa ta bayan an buɗe shi cikin 1975. Motar shuɗiya ce, ba a taɓa sake mata fenti ba, sai dai shuɗin ya kwanta, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Da abokansa masu tsofaffin motoci suka shirya haɗuwa don kowa ya nuna tasa, sai ya sayo man tsare fenti mai tsada, ya wanke mota, ya shafe ta da shi tun daga gaba har baya. Ran farko ta yi kyau, shuɗin ya ɗan farfaɗo. Kafin mako ya zagayo sai ga ta ta yi dabbare-dabbare, nan duhu can haske, kuma ko a inda ta yi duhun mutum ba ya ganin fuskarsa. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Sai ya kai ta wurin wani dattijo mai fentin mota. Dattijon bai ce kome ba tukuna. Ya ɗauki farin tsumma, ya ɗiga masa man goge fenti, ya murza a gefen ƙofa, sa'an nan ya buɗe tsumman, ga shi ya rine shuɗi.

"Ka gani, ɗana? Wannan fentin mahaifinka ne a jikin tsumma. Mataccen fenti ka rufe da mai mai tsada."

"To Baba, yaya za a yi?"

"A fara cire mataccen a hankali. In an kai ga mai rai, sa'an nan a yi zancen rufewa."

Abin da dattijon nan ya sani da hannu, masana sun tabbatar da shi da awo. Sheƙi ba wani abu ba ne da ake zubawa a kan fenti yadda ake zuba man shanu a miya. Sheƙi yana zuwa ne daga laushin fuskar fenti da daidaituwarta. Dubi ruwan tafki da sassafe, sa'ad da yake kwance lumui: itatuwa da gajimare duk suna bayyana a cikinsa. Iska na kaɗawa sai hoton ya wargaje, alhali kuwa ruwan bai sake ba, fuskarsa ce kawai ta yamutse. Haka fenti yake. In fuskarsa ta daidaita, hasken da ya faɗa mata yana komawa gefe guda, ido ya ga hoto sarai. In kuwa ta cika da ƙananan ƙarce-ƙarce, waɗanda ido ba ya gani sai an haska fitila, to hasken sai ya watsu ko'ina, mota ta yi dishi-dishi. Har na'ura gare su ta auna wannan, wadda ke jefa haske bisa fenti a karkace, a kan digiri 20 ko 60 ko 85, ta gwada abin da ya dawo da na wani baƙin gilashi da aka goge sumul, wanda aka ba shi lamba 100.

Daɗin daɗawa, ko fentin da ya fi kowane laushi, abin da fuskarsa ke mayarwa na hasken da ya faɗo mata kai tsaye bai wuce kimanin kashi 4 cikin 100 ba, kamar dai gilashin taga. Kaki da man tsare fenti ba su fi fentin kansa iya mayar da haske ba. Saboda haka ba su da wani haske nasu na kansu da za su ara wa mota. Abin da suke yi shi ne su shiga cikin ƙananan ƙarce-ƙarcen nan su cike su, fuskar ta ɗan daidaita na wani lokaci. Shi ya sa in an shafa su a kan fentin da ya sha wahala ana ganin bambanci, in kuwa an shafa su a kan wanda aka riga aka goge sumul, bambancin ɗan kaɗan ne, har sai an tsaya an ƙura ido. Abin da mai shi ke ji a hannunsa, watau santsin nan da yatsa ke zamewa, da yadda ruwa ke dunƙulewa yana gangarewa, duk gaskiya ne, amma ba su ne sheƙi ba. Sau da yawa hannu ne ke yaudarar ido.

Tarihin fentin mota ma ya nuna haka. Kafin 1924 irin fentin keken doki ake shafa wa motoci, shafi bisa shafi, ana jiran kowane ya bushe, har aikin mota guda yakan ci makonni. Da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai saurin bushewa mai suna Duco, wanda aka fara fesa wa motocin Oakland na 1924, sai aikin ya ragu ƙwarai. Amma shi wannan fenti in ya bushe ba ya fitowa da cikakken sheƙi, sai ma'aikata sun bi shi da guga. Tun daga tushe ke nan sheƙin waɗannan motoci aikin hannu ne. Motocin wancan zamani, har zuwa wajen ƙarshen shekarun 1970, launi da sheƙi a shafi ɗaya suke. Sai cikin shekarun 1980 ne ya zama ruwan dare a fesa launi a ƙasa, sa'an nan a rufe shi da wani fenti marar launi, garau kamar ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa in an goge motar zamani tsumma ba ya rinewa, in kuwa an goge Fijon mutumin Agege sai ya fito shuɗi. A tsohuwar mota babu shamaki tsakanin launi da iska, saboda haka rana ke cin samansa, ya rube ya zama gari. Man tsare fenti in ya kwanta bisa wannan gari ba shi da abin kamawa, wani wuri ya tsotse shi, wani wuri ya ƙi, shi ne dabbare-dabbaren nan.

To, a nan ne hatsarin yake. Guga ba ta ƙara kome, ragewa take yi. Man goge fenti yana ɗauke da wani gari mai laushi ƙwarai da ke aiki irin na samfefa, yana kankare sama har a iso inda ƙarce ya ƙare. Fentin motar zamani gaba ɗayansa, daga ƙarfe zuwa sama, yakan kai maikiron 100 zuwa 150, shi maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Watau duk abin bai wuce kaurin silin gashi ɗaya ko biyu ba. Motar da ta shekara hamsin ana wanke ta ana goge ta, Allah kaɗai ya san abin da ya rage mata, musamman a kan ƙusurwoyi da bakin ƙofofi inda fenti ya fi zama siriri tun daga masana'anta.

Mutumin Agege ya ga wannan da idonsa. Dattijon ya ce da hannu za a yi aikin, kuma zai ci kwanaki. Shi kuwa ranar haɗuwa ta matso, sai ya bari wani saurayi mai injin guga ya gwada masa a murfin inji. Cikin ɗan lokaci murfin ya yi ƙyalli kamar madubi, kowa na yabo. Da injin ya hau kan tudun da ke bakin murfin, sai ga wani layi mai ruwan toka ya bayyana, tsawon yatsa. Shuɗin ya ƙare a wurin, an kai ga shafin ƙasa. Garin neman gira an taɓa ido. Babu kwalbar da ke mayar da wannan; sai dai a bar shi haka, ko a fesa sabon fenti, wanda kuma ba zai taɓa zama na mahaifinsa ba. Ya zaɓi ya bar shi, sauran jikin motar kuwa aka koma wa dattijo da tsummansa.

A ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi, masu motocin nuni ba su cika damuwa da man tsare fenti ba. A Pebble Beach, cikin Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake gasar tsofaffin motoci tun 1950, ana jera su a filin wasan golf a bakin teku cikin watan Agusta, motar gasa a ɗaki take kwana, a cikin rufaffiyar babbar mota ake kawo ta, ranar da za ta sha ta 'yan sa'o'i ce. Me za a tsare ta daga gare shi? Abin da irin waɗannan mutane suka fi so shi ne mai mai maiƙo da ke jiƙa tsohon fenti ya ƙara masa duhu, irin wanda kamfanin Meguiar's ke sayarwa da lamba 7, sa'an nan a bi shi da kakin karnauba. Shi wannan kaki daga ganyen wani itace mai kama da giginya ake samun sa, a arewa maso gabashin Burazil. A yanko ganyen a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa a narka. Ya fi kakin zuma tauri nesa, don sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, alhali na zuma yana narkewa a wajen 62 zuwa 64. Masu shi suna cewa kakin yana ba fenti zurfi da ɗumi, shi kuwa man tsare fenti ƙyallinsa irin na gilashi ne, mai sanyi. Wannan magana ce ta ido da son rai, kuma lalle akwai ƙarin gishiri a cikinta, amma maiƙo dai yana duhunta launi, kamar yadda dutse ke yi in ya jiƙe. Aibinsa shi ne ba ya daɗewa. Kaki makonni yake yi, man tsare fenti kuwa watanni.

Abin mamaki ma, a can Pebble Beach ɗin sheƙi ya fara rasa sarautarsa. Cikin 2024 babbar kyautar gasar ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ƙirar 1934, mallakar Fritz Burkard na ƙasar Suwizalan, motar da Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka. Ba a sabunta ta ba, fentinta ya dushe, jikinta duk tabon shekaru ne, ga ta a tsakiyar motocin da aka kashe dukiya aka mayar da su sababbi fil. Ita ce ta farko daga rukunin motocin da aka bari yadda suke da ta taɓa cin wannan kyauta. Ko a wurin gwanjo a Ingila cikin 2020, sama da fam miliyan 9 aka saye ta, da tabonta da kome. Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Ikko, kuma ba mai hankalin da zai ce a toshe ramukan harsashin a fesa mata fenti don ta yi kyau.

Wannan ne ma ya sa ake jan kunnen masu tsofaffin motoci game da sabon shafin nan mai tauri da ake kira siramik, wanda ke shekaru bai fita ba. A motar zamani alheri ne. A tsohon fenti kuwa, ran da aka so cire shi sai da guga, gugar kuma da fentin take tafiya. Haka nan wanda ya yi sabon fenti, masu sana'ar sukan ce ya dakata wata ɗaya zuwa uku kafin ya rufe shi da kome, don sinadaran da ke cikinsa su gama fita. Kuma yawancin waɗannan mayuka suna ɗauke da silikon, wanda in ya saura a jikin mota aka zo fesa fenti, sai fentin ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka. Tsofaffin masu fenti ba sa son ganin kwalbar ko kusa da rumfarsu.

Ba wai man tsare fenti ba shi da rana ba ne. Motar da ke kwana a waje a Ikko, tana shan ruwan sama da iskar teku mai gishiri, ko wadda ke Kano ko Sakkwato tana shan ƙurar hunturu da zafin bazara, ita ce ke bukatarsa, fiye da motar Pebble Beach nesa ba kusa ba. In an gama gugar da za a yi, sau ɗaya kuma a hankali, shi ne zai sa a daɗe ba a sake yin wata ba, domin datti ba ya kama shi sosai, rana kuma shi take fara ci kafin ta kai ga launi. Sai dai ko an shafa shi, ba ya hana ƙarce. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yaron da ke goge mota kowace safiya da busasshen tsumma, ba tare da ya fara watsa mata ruwa ba, samfefa yake bi da ita.