Robar Tsotso da Zuma

Da hutun haihuwata ya ƙare na koma aiki, kukan dare ya fi ƙarfina, sai na saya wa 'yata robar tsotso. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, jarirai da tsotso ake haihuwarsu, yana kwantar musu da hankali. Laifina ya fara ne ranar da ta tofar da robar, na tsoma ta cikin zuma na mayar mata. Ta yi shiru, na samu barci, abin ya zama al'adar kowane dare. Lokacin ko shekara ba ta cika ba, alhali likitoci sun hana ba wa yaro zuma kafin ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Allah ne ya tsare.

Da yaye ya zo, aka kai ta wajen mahaifiyata kamar yadda aka saba, ni kuwa na cusa robar a ƙasan kayanta. Inna ta gani ta ce, "Ke, an raba ta da nono an bar ta da roba, to me aka yaye?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ta barci sai da ita." Da ta yi zancen haƙora, na ba ta amsar da har yau nake nadamarta: ai na nono ne, za ta yi famfara su zube.

Tana dosar shekara uku na lura da wani farin zane kamar na alli a gindin haƙoranta na sama, daf da dasashi. Daga baya ya koma ruwan ƙasa. Idan ta haɗe baki, turamen baya su haɗu, amma na gaba su bar wata kafa mai zagaye, daidai wurin zaman robar. Sai da ta fara kuka in ta sha ruwan sanyi na kai ta wajen likitan haƙori.

Bai yi mini faɗa ba, bayani ya yi. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna mayar da zaƙi tsami, tsamin ya ci bayan haƙori. Da dare miyau yana raguwa, don haka zumar takan kwana a kan haƙoran babu mai wanke ta. Kafar kuwa daɗewar tsotso ce ta tura na sama waje, takan kuma matse ganɗa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun famfarar da na fake da ita. Haƙoran nono 20 ne, na gaba sukan fara zubewa wajen shekara 6, turame kuma sukan kai shekara 10 zuwa 12. Su ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma ruɓa in ta yi mugunya tana iya lalata wanda ke tahowa a ƙarƙashi. Ashe shekaru masu yawa yarinyar za ta yi tana tauna da abin da na raina.

Raba ta da robar ya zo da wuya. Na fara da daina zumar, sannan na hana ta robar da rana, daga ƙarshe na cire ta gaba ɗaya. Ta yi kuka sosai, na goya ta ina zagaya tsakar gida har ta yi barci. Ban shafa wa robar maɗaci ba, ko da yake an ba ni shawarar, domin ba yarinyar ce ta koya wa kanta ba. Safe da dare nake goge mata baki da ɗan man goge baki kamar ƙwayar shinkafa.

Kafar ta rufe da kanta cikin watanni, kamar yadda likitan ya ce yakan faru in an daina da wuri. Haƙora biyu an cike su, ɗaya kuwa dole aka cire, kuma giɓin zai zauna har sai sabo ya fito.