Godiya ga malamin da ya nemo mana ruwa a cikin dutse

Rijiyar burtsatse biyu muka haƙa a unguwarmu da ke gefen Yelwa, cikin garin Bauchi, duka biyun ƙura muka samu. Kuɗin kuwa na karo-karo ne: wani ya sayar da tinkiya, matan unguwa suka haɗo na adashinsu. Mai injin da muka ɗauko, ba zan kama sunansa ba, ya tsaya ya dubi filin masallaci, ya nuna wuri da ƙafa ya ce a nan ruwa yake. Kwana biyu injin yana ruri yana feso garin dutse, har ganyen dalbejiyar ƙofar masallaci ya yi fari fat. Ya karɓi cikon kuɗinsa ya ce haka Allah ya so. Muka koma wa 'yan garuwa, domin ruwan madatsar Gubi bai cika isowa layinmu ba.

Ana cikin haka wani yaron maƙwabcina, ɗalibi a sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya same ni bayan la'asar. Ya ce, "Baba, kada a sake haƙawa sai an auna ƙasar. Bari in yi wa malaminmu magana." Na amsa ne kawai don kada in gwale shi.

Ranar Asabar sai ga Dakta da ɗalibai shida, ɗauke da wani akwati mai batir, da nannaɗaɗɗun wayoyi, da sandunan ƙarfe huɗu. Suka ja waya tun daga bakin masallaci har bayan makarantar allo. Su kafa sandunan da guduma, su tura lantarki cikin ƙasa, ɗaya ya karanto lamba, wata ɗaliba ta rubuta, sannan su tsige su ƙara nisa. Inda ƙasa ta bushe ƙwarai sai su zuba ruwan buta a gindin sandar. Yara suka yi musu dafifi, wasu na cewa zinariya ake nema.

Da muka zauna a tabarma, Dakta ya yi mana bayanin da ban taɓa ji ba duk da a nan aka haife ni. Ya ce Bauchi a kan tsohon dutse take zaune, wanda ya haura shekara miliyan 500, kuma irin wannan dutsen ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan yana maƙalewa ne a saman da ya ruɓe ya yi laushi, ko cikin tsagogin da ke jikin dutsen. Idan bakin injin ya kauce wa tsagar da 'yan taku kaɗan, ko ka kai ina ba ka ganin ɗigo. Jiƙaƙƙen dutse yana barin lantarki ya wuce da sauƙi, busasshe kuwa yana tare shi. Abin da akwatin ke faɗa musu ke nan. Mai unguwa ya ce, "To Dakta, kana ba mu tabbaci?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, tabbaci na Allah ne. Amma in da kuɗina ne, a can zan haƙa." Ya nuna wani lungu kusa da juji, wurin da ko a mafarki ba za mu zaɓa ba.

Can aka haƙa, bayan an kwashe jujin. Rana ta biyu garin dutsen ya fara fitowa da danshi, kafin magariba ruwa ya yi tsiri sama.

Ko sisi Dakta bai karɓa ba, sai kuɗin man mota da abincin yaran. Da na matsa, ya ce shi ɗan ƙungiyar masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Nijeriya ne, wato NMGS, wadda aka kafa a 1961, kuma sakamakon awon zai yi masa amfani a binciken da yake son gabatarwa a taronsu na shekara. A wurinsa na ji cewa suna da mujalla da suke buga bincikensu, suna kuma ba da lambobin yabo ga waɗanda suka yi fice. Ni da na ɗauka irin waɗannan tarurruka na cin abinci a otal ne da rabon alluna. Na janye maganata, ko da rabinta ce.

Wani abin da ya faɗa ya fi ruwan tsaya mini a rai. Ya ɗauki wani ɓallin dutse mai duhun kore ya ce, "Alhaji, ka san sunan wannan a littattafan duniya? Bauchite." Bature Falconer ya ambace shi a littafinsa na 1911 kan ƙasar Arewa, sannan Farfesa Mosobalaje Oyawoye, mutumin Offa da ya koyar a Ibadan, ya yi nazarinsa a shekarun 1960 ya raɗa masa sunan garinmu. Muna fasa shi muna zuba harsashin gini, ba mu san ya kai sunanmu inda ƙafarmu ba ta taka ba. Man fetur na Kolmani da aka yi bikinsa a Alkaleri a Nuwamban 2022 ma aikin masu wannan ilimi ne, sai dai mu nan burtsatsen ce ta shafe mu.

Dakta, na san ba ka son a ambaci sunanka, na kuma kiyaye. A madadin mai unguwa, da liman, da matan da suka huta da sammakon jarka, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Ɗaliban nan shida, Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, musamman wadda ta yini a rana tana rubutu ba ta ko yi tsaki ba.

Ku kuma 'yan'uwa na Gwallameji da Birshi da sauran unguwannin da ke tara kuɗin burtsatse, don Allah kafin ku kira mai inji ku fara zuwa jami'a a auna muku ƙasar.