Tattalin da Na Yi da Wayar Wani

Duk wanda ya san ni a Sule Tankarkar ya san ba na saurin rabuwa da abu. Takalmi sai baduku ya ce ya gaji da shi, agogo sai ya tsaya cak. Haka na riƙe wayata ta farko mai shafawa, wadda na saya tun ana yi wa irinta kallon babbar waya, har yaran da na koyar a aji shida suka girma suka sayi waɗanda suka ninka ta. Ram ɗinta giga 1 ne, ma'ajiyarta giga 16, gilas ya tsage daga kusurwa, murfin baya ya ɗaga saboda batir ya kumbura, na ɗaure da robar ɗaurin kuɗi. In aka tsokane ni a majalisa, amsata ɗaya ce: da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ina jin daɗin faɗar hakan. Malamin firamare ne ni, albashina ba ɓoyayye ba ne, sai nake ganin riƙon tsohuwar wayar nan shaida ce cewa duniya ba ta ruɗe ni ba.

Ban da koyarwa, in kaka ta yi nakan shiga ƙauyuka sayen riɗi da zoɓo. Ba da jarina ba, wani Alhaji ne a Maigatari yake ba ni kuɗi, in bi Danladi da Jeke da Dangwanki da Danzomo in tara masa, a kai masa kafin kasuwar Alhamis. A da, aikin ba ya neman komai a wurin waya sai kira. Kuɗi na cikin jaka, a auna, a ɗinke buhu, a ƙirga wa manomi haƙƙinsa a hannu, kowa ya kama gabansa. Ko 'yar ƙaramar nan mai tocila ta ishi mutum.

Farkon 2023 ne abin ya sauya, lokacin da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Manoman da ba su taɓa leƙa ƙofar banki ba suka buɗe asusu, wasu da OPay, wasu da Moniepoint, wasu suka riƙa ba da lambar 'ya'yansu ko ta mai POS na garinsu. Bayan kuɗi sun dawo ma, Alhaji bai koma tsohon tsari ba. Ya ga sauƙin abin: ba ya fargabar a tare ni a hanya da jaka, kuma yana son ya ga hoton riɗin a WhatsApp, ya duba haskensa da yawan yashinsa, kafin ya sa farashi. A ƙarshen shekarar kuma Babban Banki ya ce kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manhajojin suka fara neman mutum ya tsaya gaban kyamara ya ƙifta ido, ya juya kai.

A nan tsohuwar ta fara nuna gajiyarta. In na danna manhajar banki sai ta yi fari fat, in jira, in jira, tana gab da buɗewa kira ya shigo, komai ya koma farko. Hoto ɗaya ba ya shiga sai na goge uku. Wani mai gyara a Gumel ya yi min bayani yadda na gane: ma'ajiya rumbu ce, ram kuma faifan da ake ɗebo hatsi a kai a yi aiki, to faifanka ƙarami ne, Malam, manhajojin nan kuwa duk sabuntawa sai sun ƙara ƙiba. Ya ce a Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, tawa ta tsallake wannan karon, amma layi na tafe. Na yi masa godiya, na biya kuɗin da ya goge min tarkace, na dawo gida da ita.

Abin da ya sa ban ji zafin lamarin ba shi ne ɗan yayata, wanda yake goya ni a mashin in za mu ƙauye. Yana da waya mai kyau da ya saya da kuɗin noman ranin da ya je. Da tawa ta sandare sai in ce, "Kawo taka." Ya miƙo da hannu biyu, "Ga ta, Kawu." Da ita ake ɗaukar hoton riɗi, da ita ake tura wa Alhaji, sau da yawa ma asusunsa ake turo wa kuɗin shi ya rarraba. Datarsa ce ke ƙonewa, cajinsa ne ke sauka. A Oktoban 2024, da wuta ta ɗauke a yawancin Arewa har fiye da mako, daidai lokacin da riɗi ke fitowa, shagunan caji suka cika, masu janareta suka ƙara kuɗi saboda tsadar fetur. Kullum da magariba yaron nan zai kai wayarsa a manna mata lamba, ya biya daga aljihunsa, don da safe mu fita da ita a cike. Ni kuwa ina majalisa ina ba da labarin yadda na shekara da shekaru ban kashe ko sisi a kan waya ba.

Akwai ranar da bai samu zuwa ba, na tafi Jeke ni kaɗai. Wani dattijo ya kawo buhu biyu a amalanke, aka auna, muka shirya. Daga azahar muka fara neman tura masa kuɗi. Ya zauna a bakin amalanken, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon yadda nake kashe wayar ina kunnawa, ina cire roba ina danne batir. Shanunsa suka gaji da tsayuwa suka kwanta. Bai ce min uffan ba sai da aka kira la'asar, sannan ya ce, "Malam, in na'urar ta ƙi, ka rubuta a takarda, na yarda da kai. Akwai mara lafiya a gida." Kuɗin maganin ne ya sa ya fito da riɗin tun farashi bai tashi ba. Sai da na bi wani mai shago ya ranta min, na kai masa gida bayan isha'i.

Ko wannan bai sa na sauya ba. Yayata ce ta kira ni ɗakinta bayan an shiga 2025, lokacin da hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ta ce, "Malam, yaron nan ba zai iya buɗe baki ya faɗa maka ba, kai kawunsa ne. Amma abin da kake ba shi na mai, rabi a data yake tafiya. Ka ce kana tattali, to a jikin wa?" Na so in yi musu, na rasa ta inda zan kama.

Ina da hujjata, kuma ba ta banza ba ce. Duk wayar da ke kasuwa da dala aka shigo da ita. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wayar da ake kira ta talaka ta koma kuɗin da malamin firamare zai yi lissafi sosai kafin ya taɓa. Wanda ya ce a riƙe tsohuwa a lallaɓa bai yi ƙarya ba, in dai shi kaɗai take wahalarwa. Mahaifiyarmu har gobe ƙaramar waya take riƙewa, caji ɗaya ya kai ta kwanaki, ba ta taɓa tsayar da kowa a rana ba.

Muka shirya da yaron muka tafi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre. Kafin mu tashi na sake bi ta wurin mai gyaran nan na Gumel. Ya ce kada in fara tambayar kuɗin waya, in fara da tambayar kuɗin sikirin ɗinta, domin duk wayar da ke yawo a mashin wata rana sai ta faɗi. Ya ce kuma in karanta ƙananan rubutun kwali. Wannan ta biyun ta yi min rana. A shagon farko aka miƙo min kwali an rubuta giga 8 da manyan baƙaƙe, na kawo shi kusa da ido sai ga 4+4 a ƙasa. Huɗun farko ne ram na gaskiya, sauran aro ne daga ma'ajiya, kuma ba ya kai na asalin sauri. Na nuna wa mai shagon, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, kai ma ɗan hannu ne." Ban gaya masa jiya aka koya min ba.

An nuna mana Landan-yus, manyan wayoyin da suka yi tashe shekarun baya, kuɗinsu ya sauko, hotonsu kamar ka taɓa mutum. Sai dai batir ɗinsu ya riga ya sha aiki a hannun wani, kuma zafin bazararmu, da yake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba ya raga wa ko sabon batir, balle wanda ya tsufa. An yi min tayin biya kaɗan-kaɗan, irin wanda in ka makara wayar ta kulle kanta. Na haɗa jimillar abin da zan biya, na ga ƙarin da ke kai, na tuna yadda albashi kan yi jinkiri, na ce a'a.

Shi yaron idonsa na kan wata sabuwar fita, mai 5G, gilas ɗinta ya lanƙwasa ta gefe, kyamara uku a baya. "Kawu, wannan in ka saya ka huta shekara biyar." Aka kunna min ita, na shafa, ta wuce kafin yatsana ya gama tashi. Na riƙe ta a tafin hannu, abin da ya fara zuwa zuciyata ba riɗi ba ne, ba dattijon Jeke ba ne. Majalisa na gani, ni na ajiye ta a kan tabarma kamar ban damu ba, masu tsokanata sun yi tsit. Idon mutanen da ya sa na ƙi rabuwa da tsohuwar, shi ne dai ya biyo ni har Kano yana neman ya saya min wannan.

Abin da ya tare ni lissafin gida ne. MTN ya fara 5G a 2022 a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Mu a wajenmu, 'yar alamar da ke saman waya 4G take nunawa a cikin gari, in ka fita ta koma H, in ka nausa gona ta zama E, in ka matsa arewa wajen iyaka wani lokacin ma sabis ɗin Nijar za ta kamo. Kuɗinka zai iya sayo maka saurin na'ura, amma saurin sabis na turken da ke kusa da kai ne. Na tambayi kuɗin lanƙwasasshen gilas ɗin nan in ya fashe, aka faɗa min abin da ya kusa sayen wata ƙaramar wayar sukutum, kuma sai an aiko da shi daga Kano.

Na ƙare a kan samfurin bara, sabuwa a kwali, wadda fitowar ƙanwarta ta sa kuɗinta ya sauka. Ram giga 4 na gaske, ma'ajiya 128, batir 5,000, layi biyu, gilas miƙaƙƙe. Cikin dangin nan ne da suka cika hannun mutanenmu, Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na birnin Shenzhen a Sin. Yawansu shi ne amfaninsu: duk teburin mai gyara daga Gumel zuwa Maigatari akwai kayansu. Na sa aka rubuta min lambar IMEI a rasit, saboda wayar sata ta jefa mutane da yawa cikin bayanin da ba su shirya ba. Yaron bai ji daɗi ba, har muka hau mota yana waiwayen shagon.

Kakar da ta biyo baya da wayata na yi aiki. Manhajar banki na buɗewa, hoto na shiga, caji na kai ni dare. A wasu ƙauyukan har yanzu sai na hau tudu na ɗaga hannu sama kafin alat ya faɗo, kuma mai 5G ɗin ma tudun nan za ta hau. Na ware wa yaron kuɗin data daban da na mai, duk da yanzu ba kasafai nake taɓa tasa ba. Ya ƙi karɓa, uwarsa ta karɓa ta ajiye masa.

Saura tsohuwar. A gidajenmu an san inda irinta ke zuwa: hannun uwargida. Maiɗakina tana ɗinki, matan unguwa da na ƙauye suna turo mata hoton samfuri, wasu su biya ta tiransifa. Na sa aka sauya batir, na goge gilas, na kai mata ina jin na yi abin kirki. Ta juya ta gaba da baya, ta danna WhatsApp, muka zauna muna jira ya buɗe. Ta miƙo min ta ce, "Malam, ni ba ni da ɗan yayar da zan ce ya kawo tasa. Ka sayar, kwasar adashina wata mai zuwa ne, ka cika min." Mai gyaran Gumel ya saye ta don ya cire kayan ciki, kuɗin bai wuce na caja da kwandon waya ba. Cikon da na yi ya fi abin da na zata nesa ba kusa ba, domin ta ce ita ma ram huɗu take so, kuma a duba mata ƙananan rubutun kwali.