Tsohon Ɗan Reluwe Da Lahadin Malta

Akwai wani dattijo a Zariya wanda ya yi shekara 35 yana aikin Reluwe, ya zauna Kafancan, ya zauna Minna, ya ƙare da shugabancin wata ƙaramar tasha kafin ya yi ritaya. Har gobe idan aka ce masa za a zo ƙarfe huɗu, to biyar saura kwata ba ta cikin lissafinsa. A cikin watan Oktoba na 2023 babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta saya masa shi da mahaifiyarta tikitin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Mako guda za su yi a Bahar Rum, jirgin ya tashi daga Italiya, kullum gari ya waye a wata gaɓa dabam.

Kowane dare akan zura musu takarda a ɗaki mai bayyana shirin tafiya. A cikinta ya ga ranar Lahadi za su yini a tsibirin Malta. Jirgi zai tsaya ƙarfe 8:00 na safe, ya ɗaga ƙarfe 5:00 na yamma, amma kowane fasinja ya kasance ciki kafin ƙarfe 4:30. Hanyar fita yawo kuwa biyu ce. Ko dai mutum ya biya kuɗi mai tsoka ya shiga motar da jirgin ya tanada, a zagaya da shi tare da mai yi masa bayani, ko kuwa ya sauka ya nemi hanyarsa da kansa. Bambancin ba na kuɗi kaɗai ba ne. Idan motar jirgi ta makara, kyaftin zai jira ta, domin amanarsa ce. Wanda ya fita bisa raɗin kansa kuwa, in ya makara sai dai ya tsaya bakin ruwa ya ɗaga wa jirgi hannu, sa'an nan ya nemi hanyar cim masa a ƙasa ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Da 'yar ta ji niyyarsa ta wayar tarho, sai ta ce, "Baba, don girman Allah ku bi motar jirgin, ni zan biya. Ba ku san garin ba, ga Umma da ciwon gwiwa." Ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka, kin yi abin da ya fi ƙarfin godiya. Amma ni da na yi rayuwata ina sallamar jirage, ba za a rataya mini lamba a wuya a kora ni kamar ɗan makaranta ba." Gaskiyar magana, tun da suka shigo jirgin abu ɗaya ke cin ransa, watau an mai da shi wanda ake yi wa kome, daga lokacin cin abinci har inda zai zauna. Yana so ya gwada ko har yanzu kansa na iya fitar da shi ya komo da shi. Sai dai ya san abin da ya ɗauko: maganin hawan jinin Hajiya na mako guda yana ɗakinsu na jirgi, haka ma kayansu kaf.

Dare uku ya yi yana zaune da biro da takarda da wayar da aka saya masa. Ya gano cewa babban tsibirin Malta tsawonsa kilomita 27 ne, faɗinsa kuwa bai cika 15 ba, watau bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba, amma ƙasar tana ɗauke da mutum fiye da rabin miliyan. Saboda haka gajerar tafiya takan ci lokaci, don hanyoyin ƙunci gare su, motoci kuma sun yi yawa. Babu jirgin ƙasa, bos ne abin hawan jama'a. Yawancin hanyoyin bos ɗin daga ƙofar Valletta, babban birnin, suke tashi, can kuma suke komawa, kamar wayoyin ƙafar keke da ke haɗuwa a tsakiya. Wanda ke son zuwa wurare biyu da ba sa kan layi ɗaya, galibi sai ya komo Valletta ya sake mota. Tikiti a wurin direba ake saye, bai kai Yuro 3 ba, kuma yana aiki har awa biyu ko da an canja bos. Mazauna ƙasar masu kati ba sa biyan kome tun watan Oktoba na 2022, baƙo ne ke biya. Ya kuma rubuta wa kansa abu biyu da jan layi: bos ba ya tsayawa sai an miƙa masa hannu, kuma a Malta hannun hagu ake tuƙi, gadon mulkin Ingila da suka fita daga ƙarƙashinsa a 1964. Wannan bai ba shi tsoro ba, domin da wayonsa Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilu na 1972, amma ya san mai jiran mota a ɓangaren da ba daidai ba zai ga tasa ta wuce a tsallake.

Sa'an nan ga maganar Lahadi kanta. Jadawalin wannan rana dabam yake da na sauran mako, motocin sun fi ƙaranci, tazarar da ke tsakaninsu ta fi tsawo. Kantuna da dama a rufe suke. Babbar majami'ar Valletta, wadda aka gama gininta a 1578, wadda kuma baƙi ke tururuwa don ganin zane-zanen cikinta, ba ta karɓar 'yan kallo ran Lahadi, domin ranar ibadar masu ita ce. Amma abin da Lahadi ta rufe ta wani gefe ta buɗe shi ta wani. A ranar ce kasuwar kifi ke ci a wani ƙauyen masunta da ke kudu maso gabas, wanda ake rubuta sunansa Marsaxlokk, ake kuwa faɗinsa Marsashlok. Hajiya na jin kalmar kasuwa ta ce ita dai nan za a kai ta.

Shi kuwa dattijo nasa burin yana wani wuri. A cikin karance-karancensa ya tarar cewa Malta ta taɓa yin jirgin ƙasa, layi ɗaya tak, na kimanin kilomita 11, daga Valletta zuwa tsohon birnin Mdina. An buɗe shi a 1883, aka rufe a 1931 bayan da motoci suka ƙwace masa fasinja. Mutanen ƙasar suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce jirgin ruwa na kan tudu, kusan yadda Bahaushe ya ɗauki jirgi daga ruwa ya ce jirgin ƙasa. Ginin tashar ƙarshe yana nan tsaye a gindin ganuwar Mdina. Tun da ya karanta haka ya ƙudurta sai ya taka ƙafarsa a wurin.

To, ga kasuwa a kudu, ga Mdina a yamma. Sai ya yi abin da aka koya masa yana saurayi, watau ya fara lissafi daga ƙarshe ya gangaro farko. Ƙarfe 4:30 iyakar jirgi ce, tasa iyakar 3:30. Daga tashar bos zuwa bakin ruwa, da tafiyar Hajiya, rabin awa. Ke nan su kasance Valletta ƙarfe 3:00, su bar Rabat, garin da ke manne da Mdina, ƙarfe 2:15, su isa can ƙarfe 1:00, su bar kasuwa ƙarfe 11:30. A ƙasan takardar ya rubuta doka guda: in ƙarfe 1:00 ta yi ba su komo Valletta daga kasuwa ba, an soke Mdina. Ya kwafi lambar wayar wakilin jirgi na wannan gaɓa daga takardar dare, ya sa maganin kwana biyu a aljihu tare da fasfo ɗinsu, ya daidaita agogonsa da na jirgi. Azahar da La'asar kuwa ya ce sa haɗa su in sun komo, tun da matafiya ne.

Ran Lahadi da sassafe jirgi ya shiga babbar mashigar Valletta, ganuwa ta dutse mai ruwan zuma ta kewaye su dama da hagu. Birnin an kafa shi ne a 1566, shekara guda bayan rundunar Turkawa ta kewaye tsibirin ta kasa cinsa, shi ya sa aka ɗora shi bisa tudu. Mai ciwon gwiwa ba zai so hawan nan ba. Sai suka bi bakin ruwa zuwa wata na'urar ɗaga mutane mai tsawon mita 58, wadda aka buɗe a 2012, suka biya Yuro ɗai-ɗai, kafin Hajiya ta gama addu'a sun tsinci kansu a wani lambu a saman ganuwa. Daga nan suka taka zuwa tasha, suka sami bos mai lamba 81. Ya cika maƙil, domin ba su kaɗai suka san da kasuwar ba. Wani saurayi ya tashi ya ba Hajiya wuri, dattijo ya riƙe ƙarfe a tsaye har suka isa, wajen ƙarfe 10:00.

Kasuwar ta miƙe a bakin ruwa, bayan rumfunan kuma ga kwale-kwalen masunta an shafe su da shuɗi da rawaya da ja, kowane da idanu biyu da aka zana a goshinsa. Lokacin wani kifi ne da suke kira lamfuki, wanda ake kamawa daga Agusta zuwa Disamba, ga shi nan jibge bisa ƙanƙara. Akwai zuma, akwai saƙar hannu, akwai wata alewa ta riɗi. Hajiya na cikin taya alewar sai ta dafa mijinta ta ce, "Malam, ka ji kuwa? Matar nan hamsin ta ce." Ba kunnenta ne ya ruɗe ta ba. Larabawa sun mallaki tsibirin daga shekarar 870 zuwa 1091, harshen Malta kuma daga Larabcinsu ya tsiro, ko da yake mutanen Kirista ne, da haruffan boko kuma suke rubutu. Hamsin da sittin nasu su ne namu, Lahadi su ce Hadd, Alhamis su ce Hamis, Ubangiji kuma Alla suke kiransa. Hajiya da mai alewa suka yi ta ƙirga da yatsu suna dariya, ba wadda ke jin sauran maganar 'yar'uwarta.

Ƙarfe 11:25 suna wurin tsayawar bos, suka tarar da layi ya yi tsawo. Na farko ya zo, ya ɗebi kaɗan ya cika. Na biyu ma haka, bayan jiran da ya fi rabin awa. Dattijo yana duban agogo yana duban hanya, bai ce kome ba. Abin da jadawali bai gaya masa ba ke nan: ya nuna lokacin da mota za ta zo, bai nuna yawan waɗanda suka riga ka ba, ga shi kuwa duk wanda ya zo kasuwa da safe tsakar rana yake son komawa. Sai a na uku suka sami shiga. Da suka sauka a ƙofar Valletta, ƙarfe 1:40 ta yi.

Ga bos mai zuwa Rabat nan tsaye yana lodi, akwai ma kujeru. Dattijo ya fito da takardarsa ya sake lissafi a tsaye. In sun shiga yanzu, su isa 2:25, ya gangara tashar ya komo, su juyo 3:05, su sauka 3:50, su isa bakin jirgi 4:20. Saura minti goma. A bisa takarda abin yana yiwuwa, in dai kowace mota ta zo a kan kari kuma da wuri a cikinta, abin da idonsa ya gama ganin akasinsa. Hajiya ta ga yadda yake kallon motar, ta ce, "Malam, in kana so mu je, mu je. Ni ka kai ni tawa." Ya yi shiru har direba ya rufe ƙofa. Sa'an nan ya ninke takardar ya ce, "Hajiya, na sha hana mutane hawa jirgin da ya riga ya motsa, suna zagina. Yau in na karya dokar da na rubuta da hannuna, to zagin nan na cancance shi."

Suka shiga birnin a hankali. Daf da ƙofar akwai sabon ginin Majalisar Dokokin ƙasar, wanda aka buɗe a 2015, a daidai filin da tashar jirgin ƙasa ta Valletta take a da. Dattijo ya leƙa ganuwa ya hango bakin ramin da jirgin ke fitowa ta cikinsa da 'yar gadar da yake bi. Bai ga tashar ƙarshe ba, amma ya ga ta farko, ya daɗe a tsaye yana auna faɗin ramin da ido. Daga nan suka koma lambun da suka fara sauka, suka zauna a inuwa suna cin alewa, jirginsu yana ƙasa suna kallonsa. Ƙarfe 3:20 suka nuna katinsu a bakin matakala.

Bayan sun yi salla ya fito saman jirgi. An buga jiniya, ma'aikata na shirin janye matakala, sai ga wani Bature da matarsa a guje, jakunkuna na dukan bayansu, mutane na yi musu tafi da sowa daga sama. Da ƙyar aka karɓe su. Dattijo bai yi dariya ba, domin ya san minti goma ɗin da ya ƙi saye ne suka saya.

Da dare 'yar ta bugo, Hajiya ta karɓe wayar ta ba ta labarin matar da ke cewa hamsin. Da aka miƙo masa, ta ce, "Baba, ashe ba ku ga tashar taku ba." Ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Tashar ta yi shekara 92 ba jirgin da ya tsaya a cikinta, ba inda za ta. Namu jirgin ne ba ya jira." Takardar lissafin tana nan ya adana ta a cikin fasfo ɗinsa, an ja layi ɗaya a kan sunan Mdina.