Gidan Bergman a Tsibirin Fårö

Daga Agiye zuwa Maraɗi mota ce bisa kwalta, gonakin hatsi dama da hagu har ka isa. Zuwa tsibirin Fårö na ƙasar Suwidin kuwa, wanda mutanensa ke furtawa Foro, sai an hau ruwa sau biyu. Na farko jirgi ne mai benaye, manyan motoci na shiga cikinsa da kayansu, ya yi sa'a uku da ɗoriya bisa tekun Baltik kafin ya kai tsibirin Gotlan. Na biyu ƙaramin jirgin fito ne ruwan ɗorawa, cikin ƴan mintoci ya tsallaka da mu, kuma ba a biyan ko dala. Ni da na saba da igiyar masu karɓar kuɗin hanya, sai na yi ta waiwayen mai tikiti har muka sauka.

Mutanen tsibirin kimanin 500 ne kacal, ƙauye guda na Gazawa ya fi su yawa. Tumaki kuwa ga su nan, masu toka-tokar gashi a nannaɗe, suna kiwo ba makiyayi a bayan katangun duwatsu da aka jera ba laka ba siminti. A gaɓar Langhammars akwai dogayen duwatsu a tsaitsaye, ruwan teku ya sassaƙa su, daga nesa sai ka rantse dattawa ne suka miƙe za su tashi daga fada. Lokacin da muke shuka a gida na je, amma iskar teku ta sa na kwana da rigar sanyi. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, sama ba ta gama yin duhu ba, kafin ƙarfe 4 ta sake fitowa. Magariba da lisha da asuba suka matso juna, ba don agogo ba da ban san lokacin salla ba.

Abin da ya kai ni shi ne gidan Ingmar Bergman, mashahurin mai shirya finafinai da aka haifa a 1918. Ya fara zuwa tsibirin a 1960 neman wurin ɗaukar fim, wurin ya shiga ransa, ya gina gida a Hammars a 1967, a nan ya rasu ranar 30 ga Yuli 2007. Yana raye, idan baƙo ya tambayi gidansa, maƙwabta sai su nuna masa wata hanya daban don kada a dame shi. Gidan katako ne mai hawa ɗaya, tsawonsa mita 56, tagoginsa na kallon teku. A ƙofa ake tuɓe takalmi, kamar dai a gida. Ciki ƙamshin katako da tsofaffin littattafai. Ga ɗakin kasakasan bidiyo sama da 1,500. Ga ɗan teburin gefen gadonsa, wanda ya cika da rubutun hannunsa a dararen da barci ya ƙi zuwa, ba wanda ya goge.

Wasiyyarsa ta ce a sayar da komai ga wanda ya fi tayi, a raba wa ƴaƴansa. A 2009 aka kai kayan ɗakinsa gwanjo a Istokholm. Sai wani attajiri ɗan Norwe, Hans Gude Gudesen, ya sayi gidan da sauran gidajen marigayin na tsibirin, da mafi yawan kayan, aka mayar da kujera da fitila kowace mazauninta. Ɗiyar marigayin, marubuciya Linn Ullmann, tana cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin. Tun 2010 gidajen suka zama masaukin masu fasaha. Marubuci ko mawaƙi ko mai fim daga kowace ƙasa yana iya rubuto takardar neman zama, idan an zaɓe shi ya kwana a ɗaya daga cikin gidajen ba kuɗin haya, ya yini yana aiki cikin littattafan mai gidan.

Sharaɗin da aka gindaya shi ya fi burge ni. Baƙo ba ya tafiya sai ya bar wa mutanen wurin wani abu, ko wasa, ko karatu a bainar jama'a, ko darasi ga yara. Gidan bai zama wurin leƙe kawai ba, ana aiki a cikinsa, maƙwabta kuma suna cin moriya. A Dämba, nan cikin tsibirin, akwai wani tsohon ɗakin ajiyar gona da Bergman ya mayar silima mai kujeru 15, inda yake kallon fim kullum da ƙarfe 3 na rana. Da na fito daga can aka ba ni wata wainar shinkafa ruwan ɗorawa mai za'afaran, da kirim da ƴaƴan itace masu tsami-tsami a kai. Zaƙinta ba ya ginsa.

A wajenmu idan makaɗi ko mawaƙi ya rasu, ana raba gado yadda shari'a ta tsara, wannan haƙƙin magada ne, kuma a Foro ma sai da aka biya magada. Abin da ke min ciwo shi ne bayan rabo ba mai tsayawa. Gidan ƙasa damina biyu ba yaɓe ya rushe, kalangu da gurmi gara ta cinye, yaran da za su koya su bazu. Nijar ta sa sunan mai shirya fim Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972, a wata cibiyar al'adu a Yamai, kuma ya cancanta. Moustapha Alassane, da ya rasu a 2015, a Tawa ya zauna, ya mayar da wasu ɗakunan otel ɗinsa wurin haɗa finafinan zane masu motsi. Irin waɗannan ɗakuna nake fatan wani mai hali ya saya daga magada da farashi mai kyau, yaro daga Agiye ko Gidan Rumji ya je ya yi wata guda da kyamararsa, kafin ya tafi ya haska wa ƴan unguwa abin da ya ɗauka.