Guzurin Kwana Biyu a Bakin Tafkin Lagdo

A hutun makaranta na watan Disamba ne muka yanke shawarar fitar da yara daga Garuwa, mu kafa tanti na kwana biyu a bakin tafkin Lagdo, wanda ya samu sakamakon madatsar ruwan da aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Tafiya ce ta sa'a guda da 'yan kai: a bi hanyar Ngawundare, a ratse a Ngong.

Mu bakwai ne, amma wanda ya ga motarmu sai ya rantse ƙaura za mu yi. Tukwane uku, shinkafa, taliya, har da turmin daka yaji. Hajiya, kakar yaran, ta dubi lodin ta ce, "Kaya kam kun ɗauka, Allah ya sa akwai guzuri a ciki." Muka yi dariya.

Ashe abinci shi ne ƙaramar damuwa, domin masunta na kawo karfasa da giwan ruwa tun da hantsi. Ruwan sha ne ya ba mu kunya. Jarka ɗaya mai lita 20 muka zo da ita, a sha, a yi girki, a yi alwala. Kafin azahar ta kashegari ta ƙare. Ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido, ga yara suna kukan ƙishirwa. Ruwan tafki ba abin yarda ba ne: ƙwayar cutar tsargiya tana fitowa daga jikin dodon koɗi ta ratsa fatar mutum, saboda haka ko wanka a ciki mun hana, balle kuma akwai dorina. Dole muka ɗebo, muka tace da ƙyalle, muka tafasa, gawayin gashin kifi ya tafi a nan.

Sai sanyi. Mutumin Garuwa, wanda ya saba da zafin Afrilu mai haura digiri 40, da wuya ya yarda zai nemi bargo. Amma hunturu a bakin ruwa daban yake. Wajen asuba autanmu ya kama tari yana makyarkyata, Hajiya ta kwance mayafinta ta naɗe shi, mu kuwa muka sunkuyar da kai. Gidan sauro mun zo da shi, igiyar ɗaure shi ce muka manta, sai ɗankwali ya yi aikin.

Da muka sake shiri shekarar da ta biyo, jarka uku muka fara sakawa, sannan bargon kowa, igiya, tocila da batir, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari saboda gudawa, da katin shaida domin shingen jandarmomi. Buta da dadduma dama ba sa barin mota. Tukunya ɗaya ta ishe mu, turmi kuwa Hajiya da kanta ta sauke shi ta mayar madafa.