Abin Da Ke Bayan Hoto

Na lura duk wadda aka miƙa wa tsohon hoto fuska take fara kallo, ta kwashe da dariya ta ce, "Kai, ashe su Hajiya an sha gayu!" Ni kuwa juya shi nake fara yi, domin sau da yawa rabin labarin a baya yake.

Iyayenmu ba sa bayar da hoto gayansa, sai sun yi masa miya da baiti biyu ko uku. A je situdiyo a ci kwalliya, a dafa tukunyar furen roba, ko a kara wayar tarho a kunne alhali ba ta haɗe da komai, ga labule a baya mai zanen gidan bene. In mai hoto ya wanko, sai a samu biro a zauna a tsara abin da baki ya kasa faɗa.

A cikin adakar Ummanmu akwai wani baƙi da fari da na fi so. Ita ce da ƙawarta suna aji uku a makarantar kwana, sun yi anko, kowacce ta riƙo hannun 'yar'uwarta. A bayansa ƙawar ta rubuta:

Ga hotona ki adana, ƙawata,
Ko an kai ni inda ba ki sani ba.
In kin tuna ni ki yi min addu'a,
Ni dai ba zan taɓa mance ki ba.

Malamin Hausa zai ce karin ya karye, ban musa ba. Amma wallahi littattafai biyu na rubuta na soyayya, babu shafin da ya kama ƙafar waɗannan layuka huɗu. Yarinyar ta san an tsayar da ranar aurenta, ba ta gaya wa kowa ba. Aka tafi hutu, aka dawo babu ita. Sai bayan shekaru Umma ta ji a bakin wata cewa ta rasu wajen haihuwar fari. Allah sarki! Kafin ki karanta baitin, 'yammata biyu za ki gani suna murmushi. In kin karanta kika sake juyowa, sai ki ga ashe ɗaya ce kawai take murmushi har zuci.

Abin da ke damuna, babu suna, babu shekara. Ran da babu Umma, wa zai ce ga ko wace ce?

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya gane wannan tun da wuri. A 1968 ya fara bin mata yana ɗaukar kitsonsu, har ya tara hotuna kusan dubu, da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, ba a ma ganin fuska. Bai tsaya nan ba, yakan rubuta sunan kitson da inda ya samo asali. Ya rasu a 2014, amma har yau ana kallon aikinsa a ƙasashen duniya, ana kiran kowane kitso da sunansa. Mu kuwa ga kakanninmu nan da doka da zanen yawo a cikin albam, jikokinsu ba su san ma suna da suna ba.

Wani abin mamaki, hotunan baƙi da fari sun fi masu kala juriya. Ku duba na bikin iyayenku masu kala, duk sun koma jaja-jaja, saboda rinin da ke jikinsu yana kwancewa da zafi da haske. Ga laimar damina, ga gara, ga albam mai gam da ke liƙe wa hoto har sai ya yage. Biro ma ba abin yarda ba ne, tawadarsa kan huda ta ɓullo a fuska. Fensir mai laushi ya fi, a rubuta a hankali ba tare da dannawa ba. Na wayoyinmu kuwa, ɓarawo ɗaya ya isa ya raba ki da shekara biyar.

Don haka na ɗauki aniyar zama da manyan gidanmu da fensirina, suna faɗa ina rubutawa, inda zuciyata ta motsa in ƙara baiti nawa a ƙasa. Umma har rera min take yi. Gwaggo ce dai ta gagare ni. Akwai hotonta tana budurwa, an bi gefe guda da reza an yanke tsaf, sai hannun namiji kaɗai ya rage a kafaɗarta, da agogo mai farin ƙarfe. Rubutun baya ma rezar ta raba shi biyu, "har abada" kawai ake iya karantawa. Na ce, "Gwaggo, hannun waye wannan?" Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in tashi in duba tukunya kada miya ta kama.